Wanda Ya Harba da Wanda Ya Riƙe Babur: Igiya Ɗaya Ta Dace da Su?

A dokar Najeriya, ana iya yanke wa mutum hukuncin rataya alhali bai taɓa riƙe bindiga ba, bai kuma zubar da jinin kowa ba. Dokar fashi da makami, wadda gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa a 1970 bayan yaƙin basasa, gwamnatin Janar Muhammadu Buhari kuma ta sabunta a 1984, ta tanadi kisa ga duk wanda ya yi fashi da makami, ko ya yi shi tare da mai ɗauke da makami. Wanda ya taimaka, da wanda ya ba da shawara, da wanda aka ƙulla da shi, duk ana ɗaukarsu tamkar su suka aikata. Da zarar laifin ya tabbata, alƙali ba shi da ikon rage komai, ko da ransa na gaya masa cewa yaron da ke tsaye gabansa bai kai a rataye shi ba. Sashe na 79 na Final Kod, kundin laifukan Arewa na 1960, shi ma ya ce idan mutane suka haɗu a kan niyya ɗaya suka aikata laifi, kowannensu zai ɗauke shi kamar shi kaɗai ya yi.

Mu ƙaddara abin ya faru a ƙasarmu, tsakanin Aliero da Jiga Birni a jihar Kebbi, a kakar albasa, lokacin da kuɗi ke yawo a aljihun manoma. Wani dattijo ya sayar da buhunansa, yana kan hanyar gida bayan magariba, sai samari biyu suka tare shi, ɗaya da bindiga ƙirar gida, ɗaya da tocila. Can gefe, a gindin dogon yaro, ɗan kabu-kabun da ya kawo su yana zaune kan babur, bai kashe injin ba. Dattijon ya gane mai bindigar, ya kira sunansa, shi kuwa ya ɗana kunama. Aka kama su ukun. Babbar Kotu ta yanke musu kisa, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Sakkwato ta tabbatar, Kotun Ƙoli ma ta bi sahu. Yau shekara goma sha biyu ke nan ɗan kabu-kabun yana tsare, yana jiran ranar da ba a sa ba.

Tambaya biyu ce ke raba kan jama'a a nan. Shin ya cancanci hukunci ɗaya da wanda ya yi harbin? Idan kuma ya roƙi a sake auna hukuncinsa aka ƙi, ya kamata ya sami wata kotu a sama da zai kai kukansa?

Hujjojin masu cewa igiya ɗaya

Waɗannan ba mutane ne marasa tausayi ba. Da yawansu sun taɓa sallatar gawar da aka tsinta a bakin hanya. Hujjarsu ta farko ita ce fashi aikin gayya ne. Da babu babur, da mai bindiga bai kai wurin ba, da kuma bai yi ƙarfin halin harbi ba, tunda ya san abin gudu na jiransa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa: wanda ya goya mutum da bindiga cikin dare ya san ba don ado aka ɗauko ta ba.

Suna kuma nuni da abin da jihar Kebbi ta gani da idonta. A watan Yunin 2021 an kwashe ɗalibai daga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri. A watan Nuwamban 2025 an shiga makarantar 'yan mata ta Maga a ƙaramar hukumar Danko-Wasagu, aka kashe mataimakin shugaban makarantar, aka tafi da ɗalibai. Irin wannan ta'asa ba ta yiwuwa da masu bindiga kaɗai. Akwai mai tsegunta labari, akwai mai kai man fetur daji, akwai mai nuna hanya, domin da ɗan gari akan ci gari. Idan doka ta sassauta wa waɗannan, in ji su, ta bar wa ɓarna ƙafafun da take tafiya da su.

Hujjarsu ta uku daga fiƙihu take, kuma tana da nauyi a ƙasar da Risala da Muhtasar suka zama abin karatun zaure. Imam Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar ya zartar da kisa a kan wasu mutane da suka taru suka kashe mutum ɗaya, ya kuma nuna cewa yawansu, komai yawansa, ba zai tserar da su ba. A babin hiraba kuwa, wato fashi da makami, Malikawa na ganin mai gadin hanya da mai mara baya hukuncinsu ɗaya da wanda ya yi kisan da hannunsa, kuma yafewar magada ba ta kankare shi, saboda laifi ne da aka yi wa al'umma baki ɗaya. Kotunanmu na zamani ma sun taka wannan sawu a nan Kebbi. A watan Yulin 1999 wasu mutane suka taru a Kardi suka kashe wani mutum bisa zargin ɓatanci. Ba dukansu ne suka riƙe wuƙa ba, amma Babbar Kotun jihar ta yanke musu kisa, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar a hukunce-hukuncen da ta bayar a 2007 da 2008, tana mai jaddada cewa ko a shari'ar Musulunci zartar da hukunci aikin hukuma ne.

Sai maganar shaida. Fashin dare ba ya barin mai ba da labari sai waɗanda suka yi shi, kuma kowannensu cewa zai yi ba shi ne ya harba ba. Mamaci ba ya tashi ya nuna wanda ya kashe shi. Idan sai an tantance yatsan da ya ja kunama kafin a yi hukunci mai tsanani, to gungun 'yan fashi sun sami mafita.

A kan sake buɗe shari'a kuwa, nan ne muryarsu ta fi ɗagawa. Shari'a dole ta zo ƙarshe, shi ya sa sashe na 235 na tsarin mulkin 1999 ya sa hukuncin Kotun Ƙoli ya zama na ƙarshe. Matar dattijon nan ta yi takaba, ta yi zaryar kotu har kuɗin motarta suka ƙare, ta rungumi marayu ta haƙura. Yanzu kuma a ce mata ta dawo Birnin Kebbi bayan shekara goma sha biyu, a fama mata gyambo, alhali shaidu wasu sun mutu, wasu sun manta? Kuma idan jama'a suka ga wanda aka yanke wa kisa ya dawo yana shan shayi a tasha, gobe in an kama ɓarawo ba za a kai shi wurin 'yan sanda ba, a nan take za a gama da shi. Sun ce a dubi Kenya: bayan da Kotun Ƙolin ƙasar ta soke tilascin hukuncin kisa a shari'ar Muruatetu a 2017, fursunoni suka yi ta kwararowa da buƙatun sassauci, ƙananan kotuna suka yi ta saɓa wa juna, har a 2021 kotun ta fito ta taƙaita hukuncin nata ga laifin kisan kai kaɗai.

Hujjojin masu cewa a auna kowa da aikinsa

Su ma waɗannan ba su ce ɗan kabu-kabun wankakke ne ba. Cewa suke ya yi laifin da ya cancanci ɗauri mai tsawo, amma ba a ɗora wa mutum jinin da bai zubar ba, bai yi nufin a zubar ba, bai kuma san za a zubar ba. Alƙur'ani ya nanata a wurare da dama cewa kowane rai nauyinsa zai ɗauka. Suna kuma tunatarwa cewa malamai ba su haɗu a kan magana ɗaya ba a wannan babi. Imam Shafi'i na ganin mai mara baya a hiraba ta'aziri za a yi masa, haddi na kan wanda ya aikata da hannunsa. A mas'alar wanda ya riƙe mutum wani ya kashe shi, sanannen ra'ayin Imam Ahmad shi ne a kashe makashin, a tsare mariƙin har mutuwarsa. Ko a Malikiyya, ana kashe mariƙin ne idan ya san kisa ake nufi. Ga kuma ƙa'idar nan da kowane ɗalibi ya sani, cewa ana tunkuɗe haddi da shubuha, kuma shugaba ya yi kuskure wajen afuwa ya fi ya yi kuskure wajen uƙuba.

Game da Kardi, amsarsu ita ce can kowa ya san abin da aka fita yi. Kisa aka nufa, aka kuma yi shi a gaban idon kowa. Wannan daban yake da yaron da aka ce masa ya zo ya kai wasu unguwa, ko wanda ya san sata za a yi amma bai ga bindigar da aka ɓoye cikin riga ba.

Sannan suna tambaya: wa ake kamawa? Jagoran da ya shirya komai yakan tsere da kuɗin. Wanda ke shiga hannu shi ne mai babur, domin kowa ya san lambarsa da ƙofar gidansu. A ofishin 'yan sanda a rubuta bayaninsa da Turancin da ba ya ji, a kama babban yatsansa a dangwala, wannan takarda kuma ita ce sau da yawa ginshiƙin shari'ar. Doka ta ba shi kwana 90 ya ɗaukaka ƙara, amma mahaifinsa sai ya jinginar da gona kafin ya ga lauya. Hukumar ba da tallafin shari'a da aka kafa a 1976 tana nan, sai dai lauyoyinta ba su kai yawan masu buƙatarsu ba.

Hujjarsu da ta fi wuyar turewa ita ce ta tsaron ran wanda aka tare. Idan hukuncin fashi da makami kisa ne, ko an kashe ko ba a kashe ba, me zai hana ɗan fashi kashe wanda ya gane fuskarsa? Ba abin da zai ƙaru a kansa, sai ma raguwar shaida. Me kuma zai sa ɗan kabu-kabun ya fito ya tona asiri, tunda igiya ce ke jiransa ko ya yi magana ko ya yi shiru? An harbe Ishola Oyenusi a bainar jama'a a Legas a 1971, aka harbe Lawrence Anini a Benin a 1987, fashi kuwa bai ƙare ba, sai ma ya rikiɗe ya zama garkuwa da mutane. Abin da ke tsorata ɓarawo shi ne tabbacin za a kama shi.

Sun kuma ce ƙasar da muka gaji wannan tsari daga gare ta, da wasu ƙasashen, sun daɗe da waiwayawa. A Ingila an rataye Derek Bentley a 1953 yana ɗan shekara 19, saboda abokinsa mai shekara 16 ya harbe ɗan sanda a lokacin da shi Bentley ya riga ya shiga hannu. Mai harbin ya yi ƙanƙanta da rataya, ya yi zaman kurkuku ya fito. Sai a 1998 kotu ta soke hukuncin Bentley, shekara 45 bayan an binne shi. Tun a 1957 Ingila ta soke ƙa'idar da ke mayar da duk mutuwar da ta auku garin aikata babban laifi kisan gilla kai tsaye. A Amurka, Kotun Ƙoli ta hana zartar da kisa a kan Earl Enmund a 1982, direban da ya jira a mota yayin da abokansa suka kashe wasu tsofaffi biyu a Fulorida, ko da yake a 1987 ta ce ana iya kashe wanda ya taka babbar rawa kuma bai damu da ran ɗan Adam ba. Jihar Kalifoniya ta je gaba: dokar da ta fara aiki a 2019 ta ba waɗanda aka riga aka ɗaure damar komawa kotun da ta yanke musu hukunci su nemi a sake dubawa, a ba su lauya, a ɗora wa mai gabatar da ƙara nauyin tabbatar da cewa har yanzu sun cancanci sunan makasa, idan kuma alƙali ya ƙi, su ɗaukaka ƙara. Yuganda a 2009 da Malawi a 2007 su ma sun daina tilasta wa alƙali yanke kisa.

Ƙofofin da ke akwai a yau

A nan gida Kotun Ƙoli ta tabbatar a shari'ar Onuoha Kalu a 1998 cewa hukuncin kisa bai saɓa wa tsarin mulki ba. Wanda ya ƙare ɗaukaka ƙara, ƙofa biyu suka rage masa. Ta farko afuwar gwamna ce, ƙarƙashin sashe na 212. Ta biyu tana cikin dokar hukumar gidajen gyaran hali ta 2019, wadda ta ce idan an shekara goma ba a zartar da kisa ba bayan ƙarewar ɗaukaka ƙara, Babban Jojin jiha na iya mayar da shi ɗaurin rai da rai. Duka biyun alfarma ce ake roƙa. Fursuna ba ya tsayawa ya yi bayani, iyalan mamaci ba su da tabbacin za a tuntuɓe su, wanda aka hana kuma ba a gaya masa dalili.

Ga yadda alfarma ke aiki. A jihar Osun an kama Segun Olowookere a 2010 yana ɗan shekara 17, kan satar kaji da makami, aka yanke masa kisa a 2014. Ya shekara goma yana jiran igiya, sai da labarinsa ya karaɗe intanet sannan Gwamna Ademola Adeleke ya yi masa afuwa a Disambar 2024. Madalla da fitarsa. To amma ɗan Jiga Birni ko Maiyama da uwarsa ba ta da wayar da za ta yi hira da duniya, wa zai yayata nasa? Fiye da mutum 3,000 ne ke jiran kisa a gidajen yarin Najeriya, gwamnoni kuma ba sa sa hannu. Rabon da a ji an zartar tun 2016 a jihar Edo. Ke nan matar dattijon ba ta ga ƙisasin da aka yi mata alkawari ba, ɗan kabu-kabun kuma bai san matsayinsa ba. Tsarin da ake karewa da sunan kawo ƙarshen shari'a bai kawo wa kowa ƙarshen komai ba.

Inda ma'auni ya rinjaya

Ɓangaren farko sun yi gaskiya a abu uku. Mai taimakon ɗan fashi mai laifi ne babba. Akwai wanda bai riƙe bindiga ba amma ya fi mai harbin sharri, kamar jagoran da ya shirya, ya raba makamai, ya zauna gida yana jiran kasonsa. Kuma ba daidai ba ne a riƙa jan iyalan mamaci a ƙasa da shari'ar da ba ta ƙarewa. Sai dai dukan ukun suna kira ne a duba rawar kowa da kyau. Ko buhun albasa, dillalin kirki ba ya yanke masa kuɗi sai ya zazzage ya ware manya da ƙanana da ruɓaɓɓu, balle rayukan mutane uku.

Don haka ra'ayina ya karkata ga ɓangare na biyu, tare da sharuɗɗan da ɓangaren farko suka wajabta. Majalisar Tarayya da Majalisar Dokokin Kebbi, kowacce a huruminta, su mayar da kisa ya zama ƙololuwar hukuncin fashi da makami, alƙali ya sami damar saukowa ƙasa da shi. Wanda aka riga aka yanke wa hukunci, idan ba shi ne ya yi kisan ba, a ba shi damar neman a sake auna hukuncinsa sau ɗaya a Babbar Kotu. Laifinsa ya riga ya tabbata, ba za a sake taɓa shi ba, nauyin hukuncin kawai za a duba. Doka ta jera wa alƙali tambayoyin da zai amsa a rubuce, don kada a faɗa ruɗanin Kenya. Wa ya shirya? Wa ya kawo makami? Shin mai roƙon ya san da bindiga? Yana wurin lokacin harbi, kuma yana da halin hanawa? Da aka yi harbin, ya nemi a ceci wanda aka harba ko kasonsa ya karɓa? Shekarunsa nawa a ranar? A kira magadan mamaci su faɗi abin da ke ransu, gwamnati ta biya kuɗin motarsu, inda kuma shari'a ta yarda da sulhu ko diyya a buɗe musu hanya.

Idan alƙali ya ƙi, a ba mai roƙon damar ɗaukaka ƙara sau ɗaya zuwa Sakkwato, mai gabatar da ƙara shi ma ya sami irin wannan dama idan yana ganin an yi sassaucin da ya wuce kima. Wannan mataki ne zai hana sabuwar ƙofar zama wata alfarmar. Alƙalin da ya san wasu alƙalai uku za su karanta dalilansa zai rubuta su da hankali, kuma ta haka ne mutum biyu da suka yi aiki iri ɗaya, ɗaya a Jega ɗaya a Zuru, za su sami hukunci iri ɗaya.

Wannan ba baƙon tunani ba ne a ƙasar Gwandu, inda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, mai littafin Liya'ul Hukkami, ya yi mulki ya kuma karantar da ladubban hukunci. A wasiƙar da Sayyidina Umar ya aika wa alƙalinsa Abu Musa al-Ash'ari, wadda malaman shari'a ke karantarwa har gobe, ya hore shi da kada hukuncin da ya yanke jiya ya hana shi komawa ga gaskiya idan ta bayyana masa yau. Khalifan da ya kashe jama'a saboda mutum ɗaya shi ne dai ya yi wannan horo, domin tsananin hukunci shi ke wajabta tsananin bincike. Jagoran da ya shirya kisan dattijo, idan an sake auna shi, igiyarsa za ta tabbata da hujja a rubuce. Yaron da aka yaudara da kuɗin mai kuma zai biya bashin laifinsa da shekarun ƙuruciyarsa, ya fito da sauran ƙarfin noma. 'Yan majalisar da ke wakiltar Aliero, Jega da Maiyama suna da ikon gabatar da wannan ƙuduri, kuma haƙƙinmu ne mu tambaye su ranar da za su yi.